Awoyi Inji Yake Ƙirgawa: Yadda Ake Kula Da Ƙananan Injinan Lambu Masu Amfani Da Fetur

A farkon watan Maris na bara injin ban ruwan kawuna ya ƙi tashi. Lambunsa yana yankin Kura a jihar Kano, kuma albasarsa ta fara yin kai, wato daidai lokacin da ba ta jure ƙishi. Na same shi da babban ɗansa suna karɓa-karɓar jan igiya tun da asuba, tafin hannu duk ya yi ja. Inji ya yi tari sau ɗaya, sau biyu, daga nan ya yi tsit.

Da bakanike ya zo ya kwance murfin baƙin mai, sai ya ɗiga kaɗan a yatsa ya murza, ya miƙo mana mu gani. Man ya yi baƙi ƙirin, ya tsinke, kuma ana jin yashi-yashi a cikinsa. Ya buɗe gidan matacin iska, wayam babu komai. Ashe soson ya ruɓe tun cikin sanyi, yara suka cire suka yar.

"Baba, yaushe rabon da a yi masa juye?" in ji bakanike.

"Ai ba a daɗe ba," in ji Kawu. "Wata uku ne, ko ma bai kai ba."

Na zaro waya na buɗe kalkuleta. Injin yana aiki kimanin awa biyar a rana, kusan kullum. A wata uku ke nan ya haura awa 400, alhali littafin irin wannan inji ya ce a sauya mai duk bayan awa 100. Juye huɗu aka tsallake, ga ƙurar hunturu tana shiga cikinsa kai tsaye. Ringi ya cinye, fistin ya yi zane. Kwana uku ana neman kayan gyara a cikin gari, Kawu yana hayar injin maƙwabci da daddare idan mai shi ya gama. Jerin fangalin da ke can ƙarshen gona bai samu ruwa yadda ya kamata ba, kuma ranar cire albasa bambancin ya fito fili. Kuɗin gyara da na haya da asarar amfani sun ninka kuɗin man juye nesa ba kusa ba.

Aikina rubuta manhaja ne, ban taɓa zaman gareji ba. Amma abin ya tsaya mini a rai. Mu ne muke sanin kashi nawa ya rage a batirin waya a kowane lokaci, muke manna mata gilashin kariya tun kafin mu bar shago. Kuma mu ɗin ne dai ake aika sayen fetur, mu ne masu jan igiya a lambu, wasunmu ma da injin yankan ciyawa suke neman abinci da damina, a makarantu da filayen ƙwallo da manyan gidaje. Waɗannan injina su ma na'urori ne, kuma kuɗinsu ya kai na waya mai kyau. Bayan abin da ya faru na sauke littafin injin na karanta, na kuma yi ta yi wa bakaniken tambayoyi. Abin da na fahimta shi ne, hanya biyu inji yake bi ya lalace: a yi ta aiki da shi babu ƙirga, ko a ajiye shi babu shiri.

Fara da sanin irin injinka

Ƙananan injinan fetur iri biyu ne, mai bugu huɗu da mai bugu biyu. A jikin robar mansu za ka ga an rubuta 4T ko 2T.

Mai bugu huɗu sai fistin ya yi tafiya huɗu kafin ya kammala zagaye ɗaya: ya shaƙi fetur da iska, ya matse su, wuta ta kama ta tunkuɗa shi, sannan ya fitar da hayaƙi. Baƙin mansa yana da ɗakinsa daban a ƙasa, ba ya haɗuwa da fetur. Yawancin injinan ban ruwa na inci biyu da inci uku irinsa ne. Fitacce a cikinsu shi ne Honda GX160, kuma da yawa daga cikin 'yan China da suka cika kasuwa, waɗanda ake rubuta wa 168F, a kan tsarinsa aka ƙera su.

Mai bugu biyu kuwa a tafiya biyu yake gama komai, shi ya sa ba shi da nauyi kuma yake da kuka mai tsini. Ba shi da ɗakin baƙin mai. A cikin fetur ake zuba masa mansa, haɗin ya ratsa cikin inji yana shafa wa ƙarafa mai kafin ya ƙone. Zarton inji, injin feshi na goyo, mafi yawan injinan yankan ciyawa, da ƙaramin janareton nan da masu aski da masu cajin waya suke amfani da shi, duk 'yan wannan gida ne.

Hanya mafi sauƙi ta bambancewa ita ce ka duba ƙasan inji. Idan akwai murfin baƙin mai mai ɗan sandan awo, mai bugu huɗu ne. Kada ka yanke hukunci da siffa kawai, domin akwai injin yankan ciyawa mai bugu huɗu, kamar Honda GX35. Idan ka zuba wa mai bugu biyu zallan fetur, cikin 'yan mintuna zai iya bugawa.

Haɗin mai ba a yin sa da ido

A jikin murfin tanki ko a littafin mai bugu biyu za ka ga lamba irin 50:1, ko 40:1, ko 25:1. Ma'anarta kashi 50 na fetur, kashi ɗaya na mai. Lissafin ba shi da wuya: raba 1000 da lambar farko, abin da ya fito shi ne mililita nawa za ka zuba a lita ɗaya.

- 50:1, mililita 20 a kowace lita
- 40:1, mililita 25 a kowace lita
- 25:1, mililita 40 a kowace lita

Stihl da Husqvarna 50:1 suke ba da shawara idan man mai kyau ne. Yawancin injinan China sun fi neman mai da yawa. Bi abin da aka rubuta a naka.

Abin awo mafi araha shi ne sirinji mai cin mililita 20 daga kemis. Ka cire allurar ka ajiye shi don wannan aiki kawai. A jarka ake haɗawa, ba a cikin tanki ba: fara zuba mai, ka biyo da fetur, ka rufe ka girgiza. Ka sake girgizawa duk lokacin da za ka zuba.

Mutane da yawa suna tsiyaya baƙin man mota a cikin fetur da murfin roba, su ce ai mai mai ne. Man mota an yi shi ne ya zauna a inji, ba ya ƙonewa da tsabta. Shi yake kawo hayaƙi mai yawa, ya daskare a kan fistin, ya toshe salansa, ya kashe fulogi. Nemi wanda aka rubuta 2T, kuma idan ka ga JASO FC ko FD a jikin robar, ya fi. Idan mai ya yi kaɗan inji zai ci kansa, idan ya yi yawa kuma zai shaƙe da baƙin toka.

Juye: a nan Kawu ya faɗi

Jadawalin Honda na GX160 ya ce juyen farko bayan wata ɗaya ko awa 20, daga nan kuma duk wata shida ko awa 100, wanda duk ya riga zuwa. Wannan ƙarshen jimlar ita ce mutane ba sa karantawa. Wata shida na mutumin da yake tayar da inji jefi-jefi ne. Manomin rani da yake ban ruwa awa biyar a rana, a kwana 20 yake cinye awa 100 ɗinsa. Ƙaramin GX35 ma ya fi gajen haƙuri: awa 10 a karon farko, sannan duk awa 50.

Juyen farko yana da muhimmanci saboda sabon inji yana zubar da ɗan garin ƙarfe yayin da sassansa suke zama da juna. Idan aka bar wannan gari a cikin mai, sai ya riƙa goge ƙarafa.

Yadda ake yi: ka ɗan tayar da inji ya yi ɗumi, domin mai mai ɗumi ya fi saurin fita kuma yana tafiya da datti. Ka kashe, ka tara kwano, ka kwance notin da ke ƙasa. Idan ya gama tsiyaya ka ɗaure, ka ajiye injin a wuri mai daidai, ka zuba sabo. GX160 kusan lita 0.6 yake ci, wato robar lita ɗaya ba ta ƙarewa. Honda ta fi ba da shawarar 10W-30, kuma SAE 30 ma ya halatta a yanayin zafi. Wajen awo, ana zura sandan ne kawai ba tare da an murɗa shi ba.

Duba mai kuwa kullum ne, kafin a ja igiya. Ba ya cin minti ɗaya. Wasu injinan suna da na'urar da take kashe su idan mai ya yi ƙasa, amma akwai masu tsinke wayarta don wai tana damunsu. Wannan daidai yake da ka cire batirin agogo don kada gari ya waye. Tsohon man da ka juye kuma kada ka zubar a gona ko kusa da rijiya. Tara shi a roba ka kai gareji.

Matacin iska da ƙurar hunturu

Inji yana shan iska fiye da yadda yake shan fetur nesa ba kusa ba, kuma duk abin da ke cikin iskar nan ciki zai shiga idan babu abin tace shi. Matacin iska, wanda makanikai suke kira iya kilina, shi ne mai gadin ƙofa. Littafi ya ce a wanke shi duk awa 50, ya kuma ƙara da cewa a wurin da ke da ƙura a yawaita. Noman rani kuwa a tsakiyar ƙura ake yin sa, daga Nuwamba har Maris. A irin wannan lokaci ka riƙa buɗe shi duk bayan kwana biyu ko uku.

Idan na soso ne, ka wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ka bar shi ya bushe sarai, ka tsoma a sabon baƙin mai, sannan ka matse shi sosai. Ɗan man da ya rage shi yake kama ƙura. Idan ya yi yawa inji zai yi hayaƙi. Idan na takarda ne, ruwa ba ya taɓa shi. Ka bubbuga shi a kan katako ƙurar ta zube, in ya yi baƙi ko ya yage ka sake sabo. Kada ka sa masa burushi, yana cusa ƙurar ne cikin takardar.

Kafin ka cire matacin injin yankan ciyawa ko zarto, ka rufe cok, don kada datti ya faɗa cikin kafireta. Kuma ko na minti biyar ne, kada ka tayar da inji babu mataci.

Ka leƙa kuma tsagin da ke jikin silinda. Waɗannan injina iska ce take sanyaya su, babu lagireto. Idan ciyawa da taɓo suka cike tsagin, zafi ba shi da mafita.

Fulogi yana ba da labari

Kwance fulogi ka dubi bakinsa, kamar duba bayanan kuskure ne a manhaja: yana gaya maka abin da ke faruwa a ciki. Idan launin ƙasa-ƙasa ne mai haske, inji yana lafiya. Idan baƙi ne busasshe kamar gawayi, fetur ya rinjayi iska, ka duba mataci ko cok da aka manta a rufe. Idan baƙi ne mai maiƙo, mai ya yi yawa a haɗi, ko ringi ya fara gajiya. Idan fari ne fat, inji yana zafi fiye da kima, ka dakata ka nemi bakanike.

GX160 yana amfani da NGK BPR6ES, kuma tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Ana goge shi duk awa 100, a sauya shi duk awa 300 ko shekara ɗaya. Ƙananan masu bugu biyu fuloginsu daban ne, don haka ka ɗauki hoton lambar da ke jikin tsohon kafin ka tafi kasuwa. Jabu sun yi yawa, kuma araha ba ta ado.

Wajen mayarwa, fara murɗawa da hannu har ya zauna, sannan ka sa sufana. Sabo rabin zagaye ya ishe shi, tsoho kuma bai wuce kwata ba. Kan silinda alminiyam ne, idan ka tilasta ka lalata zaren, ƙaramin aiki ya zama babba.

Fetur ma yana tsufa

Wannan ita ce hanya ta biyu, kuma ita ta fi kama masu injin yankan ciyawa. Damina ta wuce, a jingine inji da sauran fetur a tanki, sai watan Yuni ya zagayo a ɗauko a yi ta ja ya ƙi tashi.

Fetur haɗin sinadarai ne. Masu saurin kama wuta a cikinsu su suke fara tashi su bi iska, abin da ya rage kuma ya yi ta haɗuwa da iska yana zama danƙo. Hanyoyin da fetur yake bi a cikin kafireta wasunsu ba su fi bakin allura ba, ɗan danƙo kaɗan ya isa ya toshe su. Masu ƙera injina suna gargaɗin cewa hakan yana iya farawa cikin kwana 30, kuma zafi yana ƙara masa sauri. Stihl ma ta ce kada a haɗa man da ya wuce na amfanin kwana 30. Tsohon fetur yana yin duhu, warinsa kuma ya koma kamar na fenti.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ba wanda yake son ganin digon fetur ya tafi a banza, shi ya sa ake ƙyashin juye tanki. Ba sai ka zubar ba. Idan zalla ne wanda ba a haɗa da mai ba, ka juye a babur ko janareto a ƙone shi tun yana da kyau.

A ƙauye sau da yawa wurin 'yan bumburutu ake saye. Idan haka ta kama, ka zuba a farar kwalba ka bar shi ya ɗan zauna. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka. Ka riƙa zubawa ta mazurari mai raga, kuma kada ka cire ragar da ke bakin tanki don wai tana ɓata lokaci. A ƙarƙashin makunnin fetur na GX160 akwai ɗan kofi da yake tara datti, ana kwance shi a wanke duk awa 100. A masu bugu biyu kuwa matacin fetur yana rataye ne a bakin ɗan tiyo cikin tanki, ana zaro shi da lanƙwasasshiyar waya.

Kowane inji da tasa buƙata

Injin ban ruwa: kada ka tayar da shi sai ka cika gidan famfon da ruwa ta murfin sama. A ciki akwai sil da ruwa yake sanyayawa, idan ya juya a bushe zai ƙone, famfo ya fara yoyo. Ka tabbata akwai raga a bakin tiyon da yake zuƙo ruwa, kuma kada ya kwanta a cikin yashi, domin yashi yana cinye farfelar ciki. Idan inji yana aiki amma ruwa ba ya zuwa, fara neman inda iska take shiga a mahaɗar tiyo. Irin waɗannan famfuna ba sa iya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce mita bakwai zuwa takwas, don haka idan ruwan rijiya ya ja baya a ƙarshen rani, ƙara wuta ba zai kawo shi ba.

Injin yankan ciyawa: a ƙarshen sandan, inda wuƙa take, akwai ɗan gidan giya mai noti a gefe. Giris yake so, kuma shi aka fi mantawa da shi. Ka duba wuƙa kafin aiki, idan ta tsage ka jefar, ba a yi mata walda. Igiyar roba da ta daɗe a ajiye takan bushe ta riƙa tsinkewa, jiƙa ta a ruwa kwana ɗaya yana dawo mata da laushi.

Zarton inji: tanki biyu gare shi, na fetur da na man sarƙa. Duk lokacin da ka cika ɗaya ka cika ɗayan. Kada ka zuba masa tsohon man juye. Sarƙa mai kaifi ɓarzajen itace take fitarwa, idan ka ga gari kamar na tuwo ta dakushe, a wasa ta.

Injin feshi: bayan kowane aiki ka wanke tankin magani, ka fesa ruwa mai tsabta ta cikin tiyo da bakin feshi. Ruwan wankin kada ya je kusa da inda mutane ko dabbobi suke sha.

Ajiya idan kaka ta wuce

Duk injin da zai yi fiye da wata ɗaya a ajiye, ga abin da ake yi masa. Juye fetur daga tanki. Tayar da shi ka bar shi ya mutu da kansa, ko ka kwance notin da ke ƙasan kafireta sauran ya tsiyaye. Idan mai bugu huɗu ne yi masa juye, don kada ya kwana watanni da dattin mai. Cire fulogi, ka ɗiga sabon mai kamar ƙaramin cokali ɗaya a ramin, ka ja igiya a hankali sau uku ko huɗu, ka mayar da fulogi. Sannan ka sake jan igiya sannu a hankali har ka ji ta yi tauri, ka saki. A wannan matsayi bawul duk a rufe suke, danshi ba zai shiga ba.

Famfo kuma ka ɗauraye shi da ruwa mai kyau, ka kwance notin ƙasa ya tsane. Ɗora inji a kan katako, ka lulluɓe shi da tsohon zane. Leda tana riƙe danshi ta kawo tsatsa. Ka toshe bakin salansa da ɗan tsumma saboda zanzaro, wanda yake son gina ɗakinsa a irin wannan rami. Ka tuna ka cire tsumman ranar da za ka tayar.

Idan ya ƙi tashi

Duk mai rubuta manhaja ya san doka ɗaya: abu ɗaya ake sauyawa a gwada, kafin a taɓa na biyu. Idan ka kwance abu biyar lokaci guda, ko ya gyaru ba za ka san me ya gyara shi ba. Inji abu uku yake nema, fetur da iska da wuta.

Fara da abin kunya: makunni yana kunne? Fetur a buɗe yake? Akwai baƙin mai? Sannan ka shinshina fetur ɗin. Sannan mataci. Sannan fulogi. Idan ka same shi a jiƙe sharkaf, inji ya sha fetur ya yi yawa. Ka kashe makunni, ka goge fulogin, ka buɗe cok, ka ja igiya 'yan lokuta babu fulogi, sannan ka mayar.

Akwai inda ya kamata ka tsaya. Ƙananan sukurorin kafireta masu alamar L da H ba na wasa ba ne, kuskure kaɗan a H yana iya ƙona fistin. Saitin bawul, wanda ake dubawa duk awa 300, da duk wani ƙara na ƙarfe da ƙarfe, aikin bakanike ne.

Inda wayarka take shigowa

Matsalar Kawu ba ƙin kula ba ce, ba wanda yake ƙirga masa awoyi ne. Wannan kuwa aikin waya ne.

Buɗe shafi ɗaya a Google Keep ko manhajar rubutu ta wayarka, ko ka riƙa aika wa kanka saƙo a WhatsApp. Duk ranar da aka yi aiki ka rubuta kwanan wata da awoyi. Idan jimla ta kai 50, mataci. Idan ta kai 100, juye da fulogi. Idan ka san awoyin da kake yi a rana, sai ka lissafa ranar ka sa tunatarwa a kalanda. Akwai kuma ɗan agogon ƙirga awoyi da ake sayarwa a shagunan intanet, wayarsa kawai ake naɗawa a jikin wayar fulogi, ya riƙa ƙirga da kansa duk lokacin da inji yake aiki.

Ɗauki hoton lambar injin, ka bincika ta a intanet ka sauke littafinsa ka ajiye, don a gona ba kullum ake samun sabis ba. Idan rubutun jikin injin da Sinanci ne, Google Lens zai fassara maka. Kafin ka kwance komai ka ɗauki hoto, kuma ka sake ɗauka a kowane mataki. Sannan ka naɗi kukan injin ranar da yake da lafiya. Bayan wata biyu idan ka ji kamar ya sauya, kana da abin kwatantawa, kana kuma da abin tura wa bakanike kafin ya taso.

Rai ya fi inji

Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar guba da ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa. Kada ka tayar da inji a ɗaki, ko shago a rufe, ko cikin rijiya. Masu sauke famfo cikin rami don ya kusanci ruwa su kiyaye, kada kowa ya zauna a ramin inji yana aiki.

Kada ka zuba fetur inji yana da zafi. Bayan ka zuba, ka matsa aƙalla mita uku daga wurin kafin ka tayar. Idan dare ne fitilar waya za ka haska, ba ashana ba. Kafin hannunka ya taɓa wuƙa ko sarƙa, cire hular fulogi. Mai yankan ciyawa ya sa tabarau da takalmi rufaffe, kuma ya kori yara su yi nisan mita 15, domin wuƙar tana cilla tsakuwa.

Bana kafin a fara ban ruwa na je lambun Kawu da robar mai da sabon soso da fulogi. Na buɗe wa ɗansa shafi a wayarsa, na nuna masa inda zai riƙa rubuta awoyi. Kawu yana gefe yana kallonmu, can ya ce, "To, yanzu inji ma rajista za a riƙa kira masa kamar ɗan makaranta?"

Na ce, "Kawu, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba."

Bayan kwana 19 yaron ya turo mini saƙo: awa 97, a taho da mai.